Katina O ne, ƙawata ta ce ita AS ce: wai gwaji ɗaya ne?

Ummi_Zariya:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aji uku na babbar sakandare, bana zan zauna WAEC da NECO in Allah ya yarda. Musu muka yi da ƙawayena a kan jini. Ni katin da aka ba ni a asibiti O+ aka rubuta, ƙawata kuma ta ce ita AS ce. Sai wata a ajinmu ta ce ai duk abu ɗaya ne, wai mai O shi ne mai lafiyayyen jini, ba ya sikila kuma ba ya haifar mai sikila. Mun yi darasin gado a bayoloji, amma zangon ya zo ƙarshe ba mu kai ga tambayoyi ba. Don Allah mai sani ya warware mana. O da AS gwaji ɗaya ne ko biyu? Kuma da gaske mai O ba ruwansa da sikila?

Sadiq_Gwale:
Wa alaikumus salam. Ni ma haka na taso ina ji, O shi ne sarkin jini. Yayana O ne, kuma ko zazzaɓi ba ya cika yi.

Bashir_Lab:
Ƙanwata, gwaji biyu ne daban, kuma abu biyu daban suke dubawa a jikin ƙwaya ɗaya. Aikina ke nan kullum a ɗakin gwaji.

Jar ƙwayar jini tana da fata a waje, tana da abin da ta ɗauko a ciki. Rukunin jini, wato A, B, AB da O, yana magana ne a kan alamar da ke bayan fatar ƙwayar. Mai alamar A shi ne A, mai alamar B shi ne B, mai duka biyun AB, wanda ba shi da ko ɗaya shi ne O. Wannan + ɗin da ke katinki wata alama ce ta daban da ake kira Rh, ke kina da ita. Shi kuwa AA, AS, SS, wanda ake ce wa jinotaif, yana magana ne a kan himogulobin, jan sinadarin da ya cika cikin ƙwayar, mai ɗauko oksijin daga huhu ya kai wa sauran jiki.

Ko yadda muke yin gwajin ba ɗaya ba ne. Na rukuni, farin tayil nake ɗauka in ɗiga jini wuri uku. Na farko in sa masa shuɗin ruwan gwaji, na biyu rawaya, na uku wani marar launi, in gauraya in ɗan jijjiga tayil ɗin. Inda jinin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, alamar tana nan. Naki, na ukun ne kaɗai zai yi gudaji. Minti kaɗan an gama. Na jinotaif kuwa sai an fasa ƙwayoyin an fito da himogulobin, a ɗiga a kan wata takarda ta musamman a sa mata wutar lantarki. Himogulobin A, wato lafiyayyen (ba A na rukuni ba), ya fi S na sikila saurin tafiya, don haka mai AS layi biyu za a gani a takardarsa, mai AA layi ɗaya.

Saboda haka mutum zai iya zama O kuma SS. Na ga masu haka da yawa. Katinki bai gaya miki komai game da sikila ba, sai kin je an yi miki ɗayan gwajin.

Ummi_Zariya:
Na gode Yaya Bashir. Ke nan kowa yana da biyun, nasa rukunin da nasa jinotaif?

Bashir_Lab:
Ƙwarai kuwa. Ƙawarki AS ce, amma tana da rukuninta da ba ta sani ba ko ba ta faɗa ba.

Malam_Isa_Bayoloji:
Bari in ɗora a kan bayanin Malam Bashir ta fuskar jarrabawa, tunda Ummi ta ambaci WAEC. A cikin ƙwayar halittar ɗan Adam akwai kuromosom 46, wato zaren da ke ɗauke da umarnin gado, an jera su biyu-biyu sau 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Umarnin rukunin ABO yana kan kuromosom na 9. Umarnin da ke jawo sikila yana kan na 11. Tunda ba a kan kuromosom ɗaya suke ba, kowanne hanyarsa yake bi wajen gado, babu wanda ke jan wani.

Ga yadda nake koyar da shi a aji, ki gwada da ƙawayenki. Kofi biyu, ɗaya na uba ɗaya na uwa, dukansu AS. Kowane kofi a zuba farin wake da jan wake daidai wa daida. Fari shi ne A, ja shi ne S. Yaro ya rufe ido ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowane kofi, wani ya rubuta a allo abin da ya fito, sannan a mayar da waken cikin kofinsa kafin a sake ɗauka. Wannan mayarwar ita ce darasin gaba ɗaya. Idan an yi ta ɗauka da yawa, za ku ga kusan kashi 25 cikin 100 fari biyu ne, kashi 50 gauraye, kashi 25 ja biyu. Amma a tsakiyar wasan za ku ga ja biyu ya fito sau uku a jere, ajin ya ɗau ihu, wani lokaci kuma a daɗe bai fito ba.

Kabiru_Mai_Waya:
To ai da sauƙi ke nan. Idan AS ya auri AS, ɗaya cikin huɗu ne mai ciwon. Su haifi uku su tsaya, ba shi ke nan ba?

Malam_Isa_Bayoloji:
A'a Kabiru, ka sake karanta maganar mayar da wake. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ɗan fari zai iya zama SS, na biyu ma haka. Ba a bin layi.

Maman_Khalifa:
Malam Isa gaskiya ya faɗa, a gidana abin yake. Ni da maigidana duk AS ne, ba mu sani ba sai bayan aure, lokacinmu ba a wannan gwajin. Manyan 'ya'yana biyu lafiya lau. Na ukun, wajen wata bakwai da haihuwa, sai na ga bayan hannayensa da ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi, in na taɓa ya tsala kuka, ko sa masa riga ya zama aiki. Kakarsa ta ce amosani ne ko sanyi, aka yi ta shafe-shafe. Da muka kai shi asibiti aka yi gwaji aka ce SS ne. Kuma Ummi, ki faɗa wa waccan ƙawar taku, yaron nan rukuninsa O+ ne irin naki. Na haddace shi domin an taɓa yi masa ƙarin jini.

Abin da har yau ban gane ba, me ya sa watannin farko lafiyarsa ƙalau, har ƙiba ya yi, tunda da abin aka haife shi?

Dr_Fati_Yara:
Allah ya ƙara masa lafiya, Maman Khalifa. Jariri a ciki wani irin himogulobin yake amfani da shi, ana kiransa F, wanda ke iya karɓar oksijin daga jinin uwa ta mahaifa. Shi F ba ya lanƙwasa ƙwaya. Bayan haihuwa jiki yakan rage yin F a hankali ya koma irin na manya, to wajen wata shida F ya yi ƙasa sosai, a nan S ke samun fili. Kumburin hannu da ƙafa da kika gani sau da yawa shi ne alamar farko.

Ga ɗalibai kuma, ku riƙe wannan: lafiyayyar jar ƙwaya zagayayya ce mai loɓawa a tsakiya ta fuska biyu, tana da laushi, tana iya matsewa ta wuce ta ƙananan hanyoyin jini da suka fi ta ƙunci. Tana rayuwa kamar kwana 120. Ta mai SS idan oksijin ya yi ƙasa sai himogulobin ɗin ya sandare a ciki, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri ta toshe hanya. Naman da ke gaba ya rasa oksijin, shi ne wannan azababben ciwon ƙashi. Sannan kwana 10 zuwa 20 kawai take yi ta mutu, shi ya sa jininsu ke ƙasa kullum, idanu kuma su yi rawaya saboda hanta ba ta iya kwashe abin da matattun ƙwayoyin ke saki da sauri.

Sadiq_Gwale:
Likita, tunda an zo maganar ƙarancin jini, a ina ake yin jinin ma? Ni a zuciya na ɗauka. Kuma zoɓo da gaske yana ƙara jini?

Hafsa_Nas:
Zuciya turawa kawai take yi, ba ta yin jini. A ɓargo ake yin sa, cikin ƙashi. A babban mutum yawanci ƙashin ƙugu, ƙashin ƙirji, haƙarƙari da ƙashin baya. Can ake yin jajayen ƙwayoyi, da farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan nan masu sa jini ya daskare in an ji ciwo. Babban mutum yana da jini kamar lita 5, fiye da rabinsa ruwa ne, sauran ƙwayoyi.

Zoɓo abin sha ne mai kyau, amma jan launinsa ba jini ba ne. Abin da ɓargo ke nema shi ne sinadarin ƙarfe, a samu a hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo. A haɗa da lemo ko goba, suna taimaka wa hanji ya tsotse shi. Shayi mai kauri a kan abinci kuma rage tsotsewar yake yi. Kullum a asibiti sai na ga an shigo wa mai jego da lemon malt da madarar gwangwani wai a mayar mata da jini, alhali kuɗin da an saya mata hanta da ganye da ya fi amfani.

Dr_Fati_Yara:
Ƙari ɗaya a kan maganar Sista Hafsa, don kada wani ya ɗauka ya yi wa mai sikila. Ƙarancin jininsu ba na rashin ƙarfe ba ne, na saurin mutuwar ƙwaya ne. Wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ma ƙarfen yawa yake yi masa har ya taɓa hanta da zuciya. Kada a saya musu maganin ƙarin jini a kyamis sai likita ya ce.

Dan_Zongo_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Kuna ta AA, AS, SS, kun bar C, wanda shi ma wani irin himogulobin ne. A nan, musamman mutanen arewacin Gana da Burkina Faso, C yana da yawa. Ƙanwata SC ce. Babanmu AC, mamanmu AS, da aka tashi aurensu babu wanda ya san akwai matsala. Nata bai kai na SS tsanani ba, ta girma ba a gane ba, sai da ƙugunta ya fara ciwo kuma idonta ya samu matsala. Don haka wanda ya ga AC a takardarsa kada ya ce tunda babu S ya tsira, ya duba na wadda zai aura. A Kumasi tun 1995 aka fara gwada jarirai da an haife su, Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ne ya jagoranci aikin, Allah ya sa irinsa ya yaɗu a ko'ina.

Bashir_Lab:
Madalla da ka kawo C, ɗan'uwa. A takardar gwaji shi ne ke can baya, ya fi kowa nawa. Kuma ga abin da ke sa mutum ya yi gwaji wuri biyu ya samu amsa biyu. Akwai ƙaramin gwaji da ake duba jini a madubin likita a ga ko ƙwaya ta lanƙwashe. Wannan yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin C sam. Sannan wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani yana yawo a jikinsa, SS zai iya fitowa kamar AS. Mai shirin aure ya tambayi irin gwajin da za a yi masa, in da hali ya maimaita a wani wurin.

Sadiq_Gwale:
To maganar yayana da zazzaɓi fa? Kun share ni.

Malam_Isa_Bayoloji:
Ba mu share ka ba. Maganarka tana da ɗan tushe. Binciken da aka yi a kan yara a Mali da wasu ƙasashe ya nuna masu O ba su cika faɗawa maleriya mai tsanani kamar masu A da B ba. Amma kariyar AS ta fi wannan ƙarfi nesa. Wani masani, Anthony Allison, shi ya nuna haka a 1954 bayan aikinsa a Gabashin Afirka: inda sauro ya yi yawa, nan S ya yi yawa, domin yaro mai AS ya fi tsira daga mummunar maleriya ya girma ya haihu. Dalili ke nan da ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, kuma ake ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ciwon duk shekara a ƙasar. Amma O ko AS duk suna kamuwa da zazzaɓi, yayanka ya ci gaba da shiga gidan sauro.

Ummi, ga shekaru in an tambaya: Karl Landsteiner ya gano rukunin jini a Biyana a 1901, aka ba shi kyautar Nobel a 1930. James Herrick ya fara bayyana ƙwayar sikila a rubuce a 1910 a Shikago, daga jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada.

Ungozoma_Hadiza:
Ni ina so in ja hankali kan alamar + ko - da ke gaban harafin rukunin jini, wato Rh, domin an wuce ta da sauri kuma mu a ɗakin haihuwa ita ce damuwarmu. Mace mai Rh negatif in ta ɗauki cikin jariri mai fozitif, jininsa yakan ɗan shiga nata, galibi lokacin haihuwa ko ɓari. Jikinta sai ya ɗauke shi baƙo ya haɗa masa makami. Ɗan fari yawanci ya tsira. Ciki na gaba ne makamin ke ratsa mahaifa ya riƙa fasa jinin jariri, a haife shi da shawara mai tsanani ko ya mutu a ciki. Na karɓi haihuwar wata baiwar Allah da aka daɗe ana ce wa mai wabi, ɗan farinta ne kaɗai a raye, ashe wannan ce matsalar. Ba kowane wabi ne wannan ba, amma akwai shi a ciki. Allura ce ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, ta hana jiki haɗa makamin. Masu negatif ba su da yawa a cikinmu, shi ya sa ake mantawa. Ummi, ke fozitif ce, wannan bai shafe ki ba, amma ki faɗa wa ƙawayenki su duba nasu.

Kabiru_Mai_Waya:
Tambaya: uba A, uwa B, yaro ya fito O. Ba alamar tambaya a nan?

Dr_Fati_Yara:
Babu ko kaɗan, kuma don Allah a kiyaye irin wannan zargin, yana rusa gida. Mai A zai iya ɗauke da O a ɓoye, mai B ma haka. In ɓoyayyun biyu suka haɗu yaro O ne. A da B suna iya haifar duka rukuni huɗun.

Alhaji_Tsoho:
'Ya'yana, na karanta duka, Allah ya yi muku albarka. Amma ni abin da ke damuna, yanzu yaro da yarinya sun shaƙu, iyaye sun amince, takarda ɗaya ta raba su. Mu da muka yi aure ba gwaji ba ga mu nan ba? Lafiya da ciwo duk na Allah ne.

Maman_Khalifa:
Baba, gaskiya ne komai na Allah ne, kuma ban taɓa da-na-sanin ɗana ba. Amma na kwana a tsaye ina riƙe da shi yana cewa Mama ƙashina, ba abin da zan iya yi masa. Manyan 'ya'yana tun suna firamare na kai su gwaji, don su sani tun kafin zuciya ta kama wani. Ranar sa rana ba lokacin fara tambaya ba ne.

Sadiq_Gwale:
A Kano ma ai ya zama doka. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, sai an kawo takardar gwajin jinotaif da ciwon hanta da ƙanjamau kafin a ɗaura aure.

Zee_Jaruma:
Tun ɗazu nake karantawa. Ni SS ce, ina shekarar ƙarshe a jami'a. Ina goyon bayan gwaji ɗari bisa ɗari, ba na so wani yaro ya ɗanɗani abin da nake ɗanɗana lokacin hunturu. Amma ina roƙo, in ana koya wa ɗalibai wannan darasi a tuna akwai irinmu a zaune a cikin ajin. Ina aji biyu aka zana akwatin nan na lissafin gado mai gida huɗu a allo, aka nuna gidan SS aka ce wannan ba ya daɗewa. Duk ajin suka juyo suna kallona. Ba a faɗi cewa da kulawa muna girma mu yi karatu mu yi aure ba. Ina shan ruwa sosai, ina shan folik asid da maganin kariyar maleriya, ina guje wa sanyi da wahalar da ta wuce kima. Likitana ya ɗora ni a kan haidiroksiyuriya, wanda ke sa jiki ya ƙara yin F ɗin nan da Dakta Fati ta ambata, kuma kwanciyata asibiti ta ragu ƙwarai. Wanda zan aura AA ne, 'ya'yanmu duka AS za su zama in Allah ya ba mu, babu SS ko ɗaya. Baba Alhaji, ka ga gwajin bai hana ni aure ba, nuna mini hanya ya yi.

Malam_Isa_Bayoloji:
Zee, zan kai maganarki taron malaman kimiyya na makarantarmu. Allah ya sa ki gama lafiya.

Abdu_Damagaram:
Sannunku daga Nijar. Ina shirin BAC, jarrabawarmu ta kammala sakandare, mu ma muna wannan darasin. Na ji ana dashen ɓargo mutum ya warke. Idan SS ya warke haka, 'ya'yansa sun tsira ke nan?

Dr_Fati_Yara:
Tambaya mai kyau. Dashen yana canza masana'antar jini ne kawai. Sabon ɓargon zai riƙa yin ƙwayoyi irin na wanda ya bayar, har rukunin jinin mutum kan koma na mai bayarwar. Amma ƙwayoyin haihuwa ba daga ɓargo suke fitowa ba, suna nan da S ɗinsu, don haka zai ba kowane ɗansa S. An fara yin dashen a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Yana da tsada da haɗari, kuma an fi samun nasara in ɗan'uwa na jini wanda jikinsu ya dace ne ya bayar. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani mai gyara ƙwayar gadon ɓargon mutum da kansa, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan 2.

Ummi_Zariya:
Na kwafe duka a littafina, mun kuma yi wasan wake da ƙawayena a tsakar gida. Wadda ta ce O ba ya sikila har yanzu tana cewa a danginsu duk O ne kuma babu mai ciwon. Na ce mata ta shigo ta karanta maganar Maman Khalifa. Ni dai Babana ya ce zai kai mu gwajin jinotaif ni da ƙannena ranar Asabar. Yaya Bashir, ƙawata mai AS tana tambaya, in ta kai shekara 18 za ta iya ba da jini?

Bashir_Lab:
Za ta iya, in nauyinta ya kai kilo 50 kuma an auna jininta ya isa. Ta dai faɗa musu ita AS ce, domin ba a cika son sa irin jininta ga mai sikila ko jariri ba. Ita kuma waccan ƙawar taku, danginsu na iya zama O kuma yawancinsu AA, ko akwai AS da bai haɗu da wani AS ba tukuna. In za ta yarda, ku tafi da ita ranar Asabar ɗin.

Kabiru_Mai_Waya:
Nawa ake yin gwajin yanzu? Kuma sai an je da azumi ko ko an ci abinci ba komai?

Hafsa_Nas:
Ba ya buƙatar azumi, ka ci abincinka ka je. Kuɗi kuwa ya danganta da wuri da irin na'urar, na asibitin gwamnati ya fi sauƙi. In ka jira 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, ƙungiyoyi kan yi shi kyauta a wasu garuruwan.